Awon Bakin Murhu

Zadok Marlow ya tsallako duwatsu zuwa Kentucky a shekarar 1780 da doki ɗaya, da kamfas a cikin akwatin katako, da sarƙar awo da ya gada a wurin kawunsa. Shekararsa ashirin da huɗu. Dogo ne siriri, mai tafiya irin ta wanda yake ƙirga takunsa ko da bayan gida zai zaga. Ni Enos Tull na san shi fiye da kowa, don shekara goma sha shida na yi ina riƙe masa gatari, ya kuma auri yayata Keziah. Mutanen yanzu sun san Kanar Marlow ɗan majalisa, mai farar riga da sanda mai kan azurfa. Ni na san shi tun lokacin da ƙwarƙwata ke cinmu a bargo ɗaya.

Mu huɗu muke fita awo. Shi ne safiyo, ya kafa kamfas ya nuna layi. Mutum biyu su ja sarƙa. Ni ina biye da gatari, duk itacen da layi ya ratsa in yi masa sara biyu, wanda ya tsaya a kusurwa kuwa in yi masa sara uku, in zana haruffan mai gonar a jikinsa. Mun fi son itacen bici saboda ɓawonsa fari ne mai santsi, yana riƙe shaida. A ƙasar da ba shinge ba dutsen iyaka, waɗannan sare-saren su ne gonar mutum. In babu su, takarda kawai gare ka, kuma takarda kowa yana da ita.

Safiyoyi da yawa a zamanin ba sa wahalar da kansu. Mutum zai zauna a sansani, ƙafa a bakin wuta, ya zana kusurwoyi daga kansa, ya ƙirƙiro itatuwan da bai taɓa gani ba, ya kai ofis a buga hatimi. Awon bakin murhu muke kiran wannan, kuma shi ya sa gonaki suka yi ta hawa kan juna, mutum uku su riƙe takardar fili ɗaya. Zadok ya tsani abin kamar me. A ruwa, a ƙanƙara, a fadama har gwiwa, sai ya taka. Abin da yake faɗa kullum, har muka haddace muna kwaikwayonsa a bayan idonsa, shi ne bai taɓa zana layin da ƙafarsa ba ta taka ba. Abin haushin kuma, a lokacin gaskiya yake faɗa.

Mai jan sarƙarmu na gaba shi ne Levi Haddox, gajere mai faɗin kafaɗa, bakinsa ba ya hutawa. Shi kaɗai ke iya tsokanar Zadok ya kwana lafiya.

"Malam safiyo, in ka gama gaisawa da allurar nan taka ka sanar da ni," yakan ce. "Yatsun ƙafata sun riga sun koma gida, ni kaɗai na rage a nan."

Levi yana da mata, Mahala, da 'ya mace ƙarama, ga kuma ciki. Yana da takardar izinin eka ɗari huɗu a Rafin Toka, wuri mai baƙar ƙasa da maɓuɓɓuga, wanda ya ɗora ransa a kai. A watan Maris na 1782 muka je auna masa nasa.

Mutanen Shawni, 'yan asalin ƙasar, ba su taɓa ɓoye mana nufinsu ba. Dajin nan wurin farautarsu ne tun ba a haifi kakanninmu ba, kuma sun gane da wuri cewa duk inda kamfas ya je, garma na tafe a bayansa. Ɓarawon ƙasa suke kiran kamfas ɗin. A lokacin sunan dariya yake ba mu. Yanzu da na tsufa na daina dariyar.

Mun fara daga wani babban bici kusa da maɓuɓɓugar. Na yi masa sara uku, na zana L da H, Levi yana tsaye a kaina yana cewa H ɗina ya yi kama da ƙofar turke. Muka kama layin arewa. Ba mu yi nisa ba, da hantsi, bindiga ta tashi daga cikin kara. Levi ya zauna a ƙasa da sarƙar a hannunsa, kamar wanda ya gaji. Mu uku muka gudu. Ba zan yi wa abin ado ba, gudu muka yi, kuma Zadok bai yar da kamfas ɗinsa ba. Sai bayan kwana huɗu muka koma da mutane muka binne abin da muka samu a gefen maɓuɓɓugar.

Izinin Levi yana da wa'adi. In ba a kai awon ofis ba kafin ya cika, wani zai ɗora nasa a kai. A shekarar nan kuwa ba wanda ya isa ya tsaya wuni guda a Rafin Toka yana jan sarƙa, don ko ɗibar ruwa sai da bindiga mata ke fita. Mahala ba ta roƙi kowa komai ba. Tana zaune dai a ƙofar ɗakinta da cikinta tana ɓarzar masara, ga sarƙar da aka ɓamɓare daga hannun mijinta a rataye a bango. Zadok ya yi mako guda yana wuce ta yana sunkuyar da kai. A rana ta takwas da rana tsaka ya kira ni ɗakinsa, na tarar da shi a bakin murhu da takarda a kan gwiwa. Ya riga ya zana sauran kusurwoyi ukun, kowace da itacenta. Ya miƙo mini alƙalami in sa hannu a matsayin wanda ya sare su. Na sa. Ko yau aka dawo da wannan ranar zan sake sawa, kuma ban taɓa ganin laifinsa a kanta ba.

Mahala ta samu takardar mallaka. Da aka samu sauƙin yaƙi ta koma Rafin Toka da yaranta biyu, ba ta sake aure ba. Wanda bai taɓa mayar da kurmi gona ba ba zai gane abin da matar nan ta yi ba. Ta sare ɓawon manyan itatuwa a kewaye don su bushe a tsaye, ta shuka masara a tsakaninsu, ta ƙone kututture ɗaya bayan ɗaya. Hannuwanta sun fi nawa kaushi. Ta dasa tuffa. Zazzaɓi ya ɗauke 'yar tana shekara tara, ta binne ta kusa da ubanta. Ɗan da ta haifa bayan rasuwar, Obed, ya tashi ya kama garma. Duk wanda ya tambaye ta iyakar gonarta sai ta ce ta san bicin maɓuɓɓuga, sauran kuwa a tambayi Ɗan'uwa Zadok, shi ya auna. Cocinmu ɗaya, haka muke kiran juna.

Shi kuwa Zadok sai ɗaukaka. Rabin gonakin gundumarmu a kan layinsa suke zaune. In aka je kotu kan fili, lauya ya ce layin Marlow ne, alƙali yakan gyara zama. Aka ba shi muƙamin Kanar na dakarun gunduma, ko da yake ban taɓa ganin ya harbi abin da ya wuce zomo ba. Ya gina gidan bulo, ya sayi bayi suna noma masa taba, ya fara ƙiba daga wuya. Da Kentucky ta zama jiha aka tura shi majalisa. Ba ya iya jawabi. Abu ɗaya yake faɗa a kan kowane kututture da ya hau neman ƙuri'a, maganar nan ta layi da ƙafa, kuma ta ishe shi, don mutanen da kullum ke kwana da tsoron lauya ba abin da suke so su ji ya wuce ta.

A kakar 1795 labari ya zo cewa wani attajirin Virginia yana da takardar fili mai faɗi da ta hau kan Rafin Toka, awon shekarar 1788. Na Mahala ya girme shi da shekara shida, don haka ba abin tsoro. Amma Zadok ya zo gidana a kan doki, fuskarsa ba daɗi, ya ce in ɗauko gatari.

Na gane nufinsa tun kafin ya ƙarasa. Na ce masa ya bar itatuwan nan. In an je kotu ya faɗi gaskiya, an kashe mana mutum a kan layi, mun gudu, ya cike sauran a takarda saboda marayu. Wa zai zarge shi? Kusurwa ɗaya ta gaskiya tana nan, kuma shi ya fi ni sanin cewa alƙalai kan karɓi kusurwa ɗaya su ja sauran daga takarda.

"In na ce ban taka layin Haddox ba," in ji shi, "gobe kowane lauya a jihar nan zai tambaye ni wane ne kuma ban taka ba. Ga zaɓe na tafe."

"To gonar wa za mu je tsarewa, ta Mahala ko taka?"

"Enos, ka hau dokinka."

Na hau. Mijin yayata ne, kuma na saba bin bayansa da gatari. Muka yi wuni biyu muna jan layin da ya kamata a ja shekara goma sha uku baya. Inda ya rubuta bici muka nemi bici mafi kusa. Na yi sara uku-uku, na zana L da H, muka shafe su da laka da gawayi. Bayan damina biyu ko ni da na yi su ba zan bambance su da tsofaffi ba. Attajirin ya mutu bai kai ƙara ba, muka ɗauka magana ta mutu tare da shi.

Magadansa ne suka tashe ta a 1806. Suka turo wani lauya, Pendry, ɗan ƙaramin mutum mai ladabi, irin wanda zai cire maka hula kafin ya yanka ka. Ya nemi kotu ta tura wakilai a ɗauki shaida a gindin itatuwan. Aka sa rana a watan Afrilu. Mutane sun fi arba'in suka taru, kamar ana biki. Mahala ta gasa kaji, ta toya burodin masara, har Pendry ta zuba wa, don ba ta da ko ɗigon shakka. Kanar da kansa zai yi rantsuwa, me kuma ya rage?

A gindin bicin maɓuɓɓuga Zadok ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse cewa kusurwoyi huɗun nan a gabansa aka sare su, a watan Maris na 1782. Pendry ya yi masa godiya. Sannan ya kira wani kafinta da ya zo da shi, wanda muka ɗauka mai riƙe masa doki ne, ya nemi izinin wakilan a yanko 'yar gunduwa daga jikin itacen.

Ba mu taɓa ganin an yi haka a gundumarmu ba. Amma kowane ɗayanmu ya san abin da ake nema, don duk wanda ya taɓa kayar da itace ya ga zoben da ke cikinsa, shekara ɗaya zobe ɗaya. Itace yakan rufe sara da sabon nama, yana ɗora zobe a kai kowace shekara. Mun san wannan tun muna yara. Ni da na yi rayuwata da gatari, da Zadok da ya fi kowa lissafi, mun tsaya muna shafa laka a ɓawo, ba wanda ya tuna da cikin itacen.

Kafintan ya sassaƙe gunduwar, ya goge ta da wuƙa, ɗaya daga cikin wakilan ya ƙirga da tsinin allura a fili. Ashirin da huɗu, daidai da 1782. Mutane suka yi ta murna, wani ya ce wa Pendry ya koma Virginia ya ƙirga gashin gemun kakarsa. Pendry ya yi murmushi ya ce a ƙarasa zuwa kusurwa ta biyu.

Tafiyar rabin sa'a ce. Zadok ya rage sauri har na iso shi.

"Nawa za a samu?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka fi ni iya lissafi, Kanar."

Yana da rabin sa'a cur. Zai iya tsayar da wakilan ya janye rantsuwarsa, ya faɗi abin da ya faru. Na yi ta kallon ƙeyarsa ina jira. Bai tsaya ba, kuma wannan ne ban yafe masa ba har yau.

Goma aka samu. Aka sake ƙirgawa, goma. Zadok ya ce wataƙila wani ne ya sabunta saran. Pendry ya sa aka ƙara nitsawa ciki, ba tsohon sara a ƙarƙashi. Kusurwa ta uku goma, ta huɗu goma. Itatuwan attajirin kuwa goma sha takwas suka nuna, daidai da takardarsa. Muka dawo maɓuɓɓuga. Sai aka miƙo mini Littafin. Mahala tana tsaye da tukunya a hannu tana kallona, ba ta riga ta gane ba, jira take in gyara kuskuren. Na faɗi komai, tun daga bakin murhu har zuwa laka da gawayi.

Hukunci ya fito a watan Yuni. Alƙalin ya faɗa a fili, kowa ya ji, cewa da kusurwar maɓuɓɓuga kaɗai aka kawo masa, aka ce sauran ba a sare su ba saboda yaƙi, da ya tabbatar wa matar Haddox gonarta, don ya sha yin haka. Amma awon da mai shi ya yi masa shaidar ƙarya, ya kuma rantse a kanta, kotu ba za ta iya jingina da ko layi ɗaya a cikinsa ba. Aka ba ta zuwa ƙarshen kaka ta kwashe amfaninta ta tashi.

Za ku ce nan ne ƙarshen Kanar Marlow. Ba ku san mu ba. A watan Agusta aka yi zaɓe, kuma a wurinmu ba a ɓoye ƙuri'a. 'Yan takara suna zaune a kan benci a gaban kotu, ga gangar barasa a gefe, kowane namiji ya fito ya faɗi sunan wanda yake so da ƙarfi, magatakarda ya rubuta, wanda aka zaɓa ya miƙe ya yi godiya. Duk wanda gonarsa ke kan layin Marlow ya yi wa kansa lissafi. In aka kayar da Kanar a matsayin maƙaryaci, gobe lauyoyi za su zo da kafintoci kan itatuwan kowa. Saboda haka suka fito ɗaya bayan ɗaya, ido a ƙasa, suna cewa Marlow. Bai taɓa samun rinjaye irin na shekarar ba. Obed Haddox ya zo ya tsaya a gaban bencin, magatakarda ya tambaye shi har sau biyu, ya yi ta kallon Zadok, sannan ya juya ya tafi bai zaɓi kowa ba. Ni ne a bayansa. Gonata ma a kan layin Marlow take. Na ce Marlow, ya miƙe ya ce, "Na gode, Enos." Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma na faɗa, kuma an rubuta.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a majalisa. Bai sake ɗaukar kamfas ba, bai kuma sake faɗar maganar nan tasa ba. Ba wanda ya kai shi ƙara kan rantsuwar. Keziah ba ta ƙara taka gidana ba har ta rasu. Shi ya mutu a 1819 a kan gadonsa, aka harba bindigogin girmamawa a wurin jana'izarsa.

Ranar da Mahala za ta tashi, a watan Nuwamba, na je taya su ɗaura kaya a keken shanu. Za su tsallaka kogin Ohio zuwa Indiana, inda aka ce gwamnati ce ke awo kafin kowa ya zauna. Shekararta hamsin. Zadok bai zo ba, sai dai ya ba ni saƙo, eka hamsin daga cikin nasa, kyauta, ta zauna har ƙarshen ranta. Na faɗa mata tana naɗe igiya. Ta ce in yi masa godiya, amma ba za ta iya zama inda za ta riƙa gaishe shi ba.

Ta je bakin maɓuɓɓuga ta daɗe a wurin kaburburan. Da ta dawo sai ta tsaya a gabana.

"Ɗan'uwa Enos, na yi ta lissafi. Shekara goma sha ɗaya baya, da kaka, kun zo nan kai da shi. Kuka ce dokin Kanar ne ya ɓata kuke nema."

Na ce haka ne.

"Kun ci abinci a ɗakina wuni biyu. Na ga gatari a hannunka, na ce a raina wane irin neman doki ne da gatari, amma ban tambaya ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Da ɗayanku ya buɗe baki a kan teburin nan, da ni zan ce ku bar mini itatuwana. Gonata ce. Ba wanda ya ga ya kamata a tambaye ni."

Obed ya kaɗa shanun, ta bi bayan keken a ƙafa, don ba wurin zama a ciki. A hunturu na biyu ta rasu a can, a filin da ba ta kai ga share ko eka biyu ba. Magadan attajirin ba su taɓa zuwa sun ga Rafin Toka ba, haya suka bayar. Mai hayar ya yi shekara biyu yana kewaye kaburburan da garma. A ta uku ya gaji da kewayen, ya shuka masara a kai.